Amaryar da Aka Hana Kuka

'Yan uwa, tunda na saka hotunan bikina tambaya guda kuke ta jefo mini: Nasiba, me ya sa babu hoto ko ɗaya na ranar kai amarya da kike dariya? Wata baiwar Allah har cewa ta yi ko dole aka yi mini. Wallahi babu dole. Abdul Razak ni na gan shi na ce ina so, tun ranar da ya fara zuwa ƙofar gidanmu a Maijirgi, ya sauko daga babur ƙafar wandonsa fal ƙarangiya, yana cirewa yana gaida Baba, yana gaida Baba yana cirewa. Yau zan ɗaga muku mayafin. Amma sai kun bar ni na fara da yayata Asiya, don wanda bai san Asiya ba ba zai gane tsorona ba.

Shekarata goma sha uku aka yi bikinta, za a kai ta Attantane. Ku mutanen birni ban san yadda kuke yi yanzu ba, amma a wurinmu amarya ba ta barin gidan ubanta da busasshen ido. Zaunar da ita ake yi, gwaggonni su kewaye ta da nasiha, wannan ta ce yi na yi bari na bari, waccan ta tuna mata wahalar da uwarta ta sha a kanta, har sai ta fashe. Kukan nan shi ne shaidar an rene ta da kyau, tana son gidansu, ba ɗokin namiji take ba. Wadda ta fita shiru kuwa, uwarta ce za ta sha gori a bakin rijiya har tsufanta.

Asiya ta yi kuka. Ina riƙe da hannunta na dama, tana sheshsheƙa, numfashinta na fita sama-sama kamar wadda kare ya koro. Muna kaiwa bakin zaure sai na ji yatsunta sun sake ni. Ba zarewa ta yi ba, sakewa suka yi, kamar igiyar da aka kwance. Na leƙa ƙarƙashin mayafinta na ga bakinta ya karkace, tana kallona tana son faɗa mini wani abu, harshen ya ƙi. Mata suka ce iska ce. Aka mayar da ita ɗaki, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Kwana uku. Lallen ƙafarta bai ko fara koɗewa ba aka yi mata wankan ƙarshe.

Har yau in na zo wucewa ta zauren nan sai na ji wannan sakin a tafin hannuna.

Nawa ya fara ina da shekara goma sha bakwai, da damina. Itacen ya jiƙe, na durƙusa gaban murhu ina ta hura wuta, ina hurawa, ina hurawa, sai muciya ta faɗi daga hannuna. Na kalli hannun, yana nan manne da jikina amma kamar na wata ne aka aro mini. Na buɗe baki in kira Inna, kalmar tana cikin kaina sarai, ta ƙi saukowa. Kafin tukunya ta tafasa abin ya wuce. Na ɗauki muciyata, ban gaya wa kowa ba. Ya sake zuwa ina hura kunu mai zafi da azumi. Ya sake zuwa ranar da na faɗi jarabawar BEPC na shige ɗaki na yi kuka. Wannan karon ƙanwata Hindatu ta gani, ta kwasa da gudu ta faɗa.

Gwaggo Lami, yayar Baba, ita ke yanke hukunci a gidanmu ko da tana zaune a nata. Ta zo ta dube ni sama da ƙasa.

"Shi ne," in ji ta. "Aljanin da ya ɗauki waccan, shi ne ya dawo. Kishi gare shi, ba shi son ɗiyan gidan ga su yi aure."

Aka kai ni wurin wani malami bayan gari. Aka lulluɓe ni da bargo, aka tura mini kaskon hayaƙi, ina tari ina kuka ina haki, sai hannun ya mutu a gaban kowa. Gwaggo ta tafa hannu. "Kun gani ko? Ya bayyana!" Sau huɗu ana kai ni, sau huɗu yana bayyana. Ku gaya mini, wa zai yi musu? Ni kaina na yarda. Na riƙa jin kamar wani na tsaye bayana duk sanda na zauna ni kaɗai, yana jiran in sa lalle.

To a cikin wannan hali Abdul Razak ya same ni. Mushe ne, wato malamin makaranta, a kolej a Tasawa, yana koyar da ilimin jikin ɗan Adam da na tsirrai. Dogo, baƙi, mai wushirya, ga shi da tambaya kamar ɗan sanda. Wata uku ina ɓoye masa. Ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa na kasa daurewa, na ɗauki portabul, wayata, na rubuta masa komai, har da Asiya, na ƙare da cewa: "In za ka janye ka janye yanzu, ba zan riƙe ka ba." Ƙarya nake, da ya janye da ban san inda zan sa kaina ba.

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Sai ga shi:

"Ma chérie, duk lokacin da abin ya zo, me kike yi daf da zuwansa? Lissafo mini duka."

Na ji haushi. Ni ina maganar mutuwa shi yana ba ni aikin gida. Amma na lissafo: hura wuta, hura kunu, kuka, hayaƙin malam, ranar da na bi akuyarmu da gudu har bakin tabki.

"Wane irin aljani ne wannan," ya rubuto, "da ba ya zuwa sai kin yi haki?"

"Kar ka yi wasa da su."

"Ba na wasa. Ban ce babu su ba. Na ce a duba kanki tukuna. S'il te plaît, don Allah."

Shi ya kai maganar wurin Baba, ya zauna a ƙasa ya cire hula ya yi ta bayani. Aka kai ni Maraɗi, likitan can ya dube ni ya rubuta takarda zuwa Yamai, ya ce akwai na'urar da ake kira IRM, ita ke ganin cikin kai. Baba ya ce ya yarda, amma ƙafata ƙafar Inna. Haka muka shiga kar, babbar motar haya, mu uku, Abdul Razak can kujerar gaba, ni da Inna a baya, shi yana turo mini saƙo ni ina ɓoye murmushi a gefen gyale.

Ba zan manta ɗakin na'urar nan ba. Sanyi kamar cikin randa. Aka ce in cire 'yan kunne, awarwaro, fil ɗin ɗankwali, har layar da Gwaggo ta ɗaura mini a damtse, wai kada a shiga da ƙarfe ko na ƙwayar gero. Aka ba ni wata riga shuɗiya marar fasali, aka kwantar da ni, aka toshe mini kunne, aka kifa mini wani abu kamar kwando a fuska. Sannan gadon ya fara tafiya da ni cikin rami.

'Yan uwa, fari ne, ƙunci ne, ba a motsi. Me zai zo muku a rai in ku ne? Na ce, haka Asiya take kwance ke nan. Sai ƙarar ta fara. Dum, dum, dum-dum, dum. Wallahi ba ta yi mini kama da komai ba sai luguden Asiya. Ita ce mai jefa taɓarya sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe, duk unguwa an san dakanta. Ina kwance cikin ramin nan ina jin yayata tana daka a kaina. Muryar mai aikin ta shigo ta kunnena: "Madmazel, kar ki motsa, saura kaɗan." Na runtse ido na yi ta salati har gadon ya fito da ni.

Washegari muka koma karɓar sakamako. Likitar mace ce, Madam Nana Firdausi, gajera mai tabarau, Hausarta ta mutanen Madarumfa. Ta ce ta koyo wata sabuwar hanyar aiki da na'urar, kuma da ita ta duba ni. Ta juyo da allon kwamfutarta wajenmu.

"Inna, matso ki gani, ke ma ɗiyarki ce. Jini yana hawa kai ta manyan hanyoyi uku: ɗaya ta gaban wuya a dama, ɗaya a hagu, sai ta ƙeya. Na'urar nan tana yi wa jinin kowace hanya alama tun yana wuya, ba allura ba komai, da maganaɗisu kawai. Kamar a ɗaura wa tumakin kowane gida zare a kunne, da yamma a zagaya a ga gonar da kowanne ya shiga. Ja na dama ne, kore na hagu, shuɗi na ƙeya. Ga kan mai lafiya."

Na ga ja da kore sun raba kan biyu daidai wa daida kamar gonar gado, shuɗi ya kwanta a baya.

"Ga na Nasiba."

Ko wanda bai je makaranta ba zai gane. Koren ya tsuke ya koma kamar ganyen zogale guda. Jan ya tsallako iyaka ya shigo hagu, shuɗin ya rarrafo daga baya, kowanne ya miƙo siraran hannuwa. A tsakiyarsu kuma akwai wani wuri da babu mai shi, dishi-dishi, kamar fako.

"Hanyar hagu ta kusa toshewa," in ji Madam. "Ki ɗauka unguwa uku ce, kowace da rijiyarta. Ta unguwar hagu ta ƙafe, maƙwabta ne ke miƙo musu ruwa ta kan darni, ludayi-ludayi. Suna rayuwa, amma babu rara. Kuma unguwar nan ita ke riƙe da hannun dama da magana."

Abdul Razak ya ce, "Hakin fa, Madam?"

"Shi ne babban abin. In mutum ya yi numfashi da sauri-sauri, ƙananan hanyoyin kai tsukewa suke yi. Mai lafiya jiri kawai zai ji. Ita kuwa ludayin ne ake janyewa. Sau da yawa ya dawo. Wata rana yana iya ƙin dawowa." Ta cire tabarau ta dube ni. "Akwai aikin da ake yi, a jawo wata jijiya daga gefen kai a ba wurin. Za mu sa rana. Kafin nan ga magani, ki yawaita shan ruwa. Ba hura wuta, ba gudu, ba hayaƙi. Hawaye ba laifi ba ne, sheshsheƙar ce ba na so. Kin ji ni? Kar ki yi kuka mai sheshsheƙa ko wa ya mutu."

Sai a nan Inna ta yi magana, muryarta can ƙasa, idonta a kan allon.

"Likita, ina da wata. Ta faɗi ranar da anka zo kai ta ɗaki, kwana uku ta rasu. In da ba ta yi kuka ba...?"

Madam ta juyo ta dube ta. "Inna, ban ga hoton kanta ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Kwana kuma na Allah ne."

Inna ta gyaɗa kai. Daga Yamai har Maijirgi ba ta ci komai ba sai ruwa.

Baba ya ce ba zai bar budurwa ta je ta yi makonni a asibitin Yamai da saurayi na kai da kawowa ba. A ɗaura aure, mijinta ya kai ta. Abdul Razak ya ce ya ji ya gani. Aka sa rana bayan an gama yankan gero. Saura Gwaggo Lami.

Na kai mata takardar hoton da hannu biyu. Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

"Wanga shi ne kan naki? Ja da kore, sai ka ce atamfa. To ina aljanin? Aljani shina fitowa a hoto?"

"Gwaggo, likita ta ce jijiya ce."

"Likita ta ce. To ki saurara ki ji abin da Gwaggo ta ce. Kada wanda ya ji zancen ga a waje. In anka ji ciwo cikin ƙwaƙwalwa, mahaukaciya za a ce, ga ƙannenki biyu na tasowa, wa zai ɗauke su? Iska kowa na da tashi, ba abin kunya ba ne. Amma taɓin kai?"

"To kukan fa? An hana ni."

"An hana ki mi?" Ta dafe ƙirji, ta juya wajen Baba. "Mamudu, kana ji? A fidda ɗiya daga gidan ga ido ƙamas kamar an sayo akuya? Dangin miji daga Tasawa za su zo, 'yan boko, su koma su ce uwarta ba ta iya reno ba, ɗiyar ta ƙosa ta bi namiji? Ki yi kaɗan, na fita kunya. Kaɗan bai kashe kowa."

Baba ya dubi ƙasa, yana jan carbi. Bai taɓa musu da yayarsa ba, ita ta goya shi.

Na gwada na ƙarya, wallahi na gwada. Na shige ɗaki na danna wayata na yi kukan wasa na tura wa Abdul Razak. Ya amso da fuskokin dariya guda biyar: "Kamar akuya ta maƙale a darni." Kafin in yi fushi wani ya shigo: "Kar ki sake. Na ji yadda kike jan numfashi. Ko na ƙarya haki ne." Gaskiyarsa, don kan ɗan yatsana ƙarami ya riga ya fara tsiri-tsiri. Kuma na san kaina, ni irin mutanen nan ce da in suka fara ba su iya tsayawa.

"Zan zo in tsaya a ƙofar ɗakin in ce ni na hana," ya rubuto.

"Ango a ɗakin nasiha? So kake a yi waƙa da mu?"

"To me za mu yi?"

Na kife wayar a kan tabarma.

Inna kuwa sai ta raba ni da murhu. Kullum safiya ta zauna ta riƙa sheƙa mini kunu tsakanin ƙwarya biyu har ya huce, kamar mai shirin ba jaririya, ta ajiye mini ta tashi ba ta kalle ni ba.

Ranar ta zo. Da hantsi aka ɗaura, aka ce za a kai ni bayan la'asar don a isa Tasawa da ido. An yi mini lalle ja da baƙi har gwiwar hannu, kitso ƙanana, shadda ruwan zuma mai aiki a wuya, sarƙar da uwar Abdul Razak ta aiko, sai farin mayafi mai kauri har ƙasa. Wata ta shigo da kaskon turaren wuta za ta tura mini ƙarƙashin zane, Inna ta karɓe daga hannunta ta ce garwashin ya mutu, ta fita da shi ba ta dawo ba. Ta shige ɗakinta ta saki labule, yadda uwar amarya ke yi.

Aka zaunar da ni a tsakiyar tabarma. Ɗakin ya cika maƙil, zafi, ƙamshin humra, zufa, dangin ango su biyar a jere bakin gado da jakunkunansu a cinya. Wayata na ɓoye cikin tafin hannuna ƙarƙashin mayafi, ta yi motsi, saƙon Abdul Razak: "Respire doucement, shaƙa a hankali. Ina nan ina jiranki."

Nasiha ta fara. Aure haƙuri ne. Miji uba ne. Yau kin bar gidanku, kin zama baƙuwa a ɗakin da anka haife ki. Ni kuwa ina yin abin da Madam ta koya mini: in shaƙa ta hanci in ƙirga huɗu, in saki a hankali in ƙirga shida. Ta farko ta gama, ta biyu ta gama, ta uku. Shiru. Na fara jin ƙus-ƙus.

"Amaryar tamu jaruma ce," in ji wata daga bakin gado, da 'yar dariya.

"Ko dai ta matsu ne? 'Yan matan yanzu, waya ta gama musu komai."

Gwaggo ta matso ta mintsine ni a cinya har sai da na ga wuta. Na cije. Huɗu. Shida. Ta sake mintsina. Da ta ga ba ci, sai ta gyara murya, ta ɗauko abin da na san za ta ɗauko.

"Nasiba, tuna da 'yar uwarki. Kan tabarmar ga ta zauna. Ta ƙofar ga ta fita, kina riƙe da hannunta. Ita ba ta ga ɗakinta ba, ke ga shi za ki ga naki. Ko ita ba ki yi wa hawaye?"

Kuka ya taso mini daga ciki. Ƙirgata ta watse. Na ja numfashi guda mai rawa, na ja na biyu, na ji tsiri-tsirin ya fara daga ɗan yatsa yana hawa. Hoton nan ya tsaya mini a ido, ɗan koren nan, da fakon da babu mai shi. Na ce shi ke nan, Abdul Razak, ka yafe mini.

Sai labule ya ɗaga.

"Ku ba ni wuri in yi sallama da ɗiyata."

Inna ce. Mata suka dubi juna, don ba a saba ba. Gwaggo ta buɗe baki, Inna ba ta ko kalle ta ba. Ta durƙusa gabana, ta ware babban mayafinta ta lulluɓe mu mu biyu, ta jawo kaina ta kifa a kafaɗarta. A cikin duhun nan ta sa bakinta a kunnena.

"Rufe bakinki. Shaƙa ta hanci. Ni za ni yi."

Kafin in gane me take nufi, ta sirantar da murya ta fashe da kuka.

'Yan uwa, da kun ji da kun rantse yarinya ce. Ta yi shi siriri, mai karyewa, tana girgiza mu mu biyu yadda daga waje ba a gane kafaɗar wa ke rawa. Na ji ɗakin ya sauke ajiyar zuciya. "Yauwa!" "Allah sarki, uwa da ɗiya." "Ashe dauriya take yi." Wata ta rangaɗa guɗa. Hannun Inna na dama yana bayana, tana dannawa tana saki, tana dannawa tana saki, tana ƙirga mini numfashin da na kasa ƙirgawa. Na bi hannunta. Tsiri-tsirin ya tsaya a wuyan hannu, ya fara komawa.

Amma kukan da ta fara don mutane bai tsaya a na mutane ba. Na ji lokacin da ya juya. Ya yi nauyi, ya fara fizgarta, tana sheshsheƙa tana haki a wuyana, sai na ji tana faɗin wani abu ƙasa-ƙasa, tana maimaitawa.

"Asiya. Asiya. Asiyata."

Asiya ɗiyar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba, sai dai "waccan" ko "yayarku". Ranar da aka fita da gawar ma ba ta yi kuka ba, tana zaune tana amsa gaisuwa tana cewa sai haƙuri. Shekara tara tana riƙe da shi. Ni kaɗai na ji, ni da aka hana in taya ta. Na cusa fuskata a kafaɗarta, hawaye na zuba shiru, ina shaƙa ta hanci, ina saki a hankali, uwata na kiran matacciya a kunnena.

Ban san tsawon lokacin ba. Daga baya aka ce ya isa haka nan, rana na tafiya. Inna ta zame daga ƙarƙashin mayafin, kanta a sunkuye, aka ɗaga ni. Na ratsa tsakar gida. Na shiga zauren nan. Hindatu ce ke riƙe da hannuna na dama, na damƙe ta har ta ce, "Yaya, za ki karya ni." Na fita. Da ƙafata na fita, da hannuna, da harshena.

Aka sa ni bayan mota tsakanin Gwaggo da wata gwaggon ango. Gwaggo ta dafa gwiwata, muryarta har da rawa.

"Kin fidda mu kunya, ɗiyata. Ba na ce miki kaɗan bai kashe kowa ba? Kukan ga har ya fi na marigayiya."

Motar ta tashi. Yara na bin mu da gudu, maroƙi na ta kirari. Na ɗan ɗaga gefen mayafi na waiwaya ta gilashin baya, don in ga gidanmu sau ɗaya.

Inna ta fito har bakin zaure. Ta jingina da bango, tana ɗaga mini hannu.

Na hagu.

Inna ko tsaba za ta watsa wa kaji ba ta yi da hagu. Na dubi ɗayan. Yana rataye a gefenta, yatsun a sake, mayafinta ya zame daga wannan kafaɗar ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba. Sai a lokacin tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba ta faɗo mini: ni da Asiya, daga wurin wa muka gado shi?

Amarya ba ta magana a hanya. Amarya ba ta komawa gida ranar da aka fito da ita, an ce mugun abu ne. Na yaye mayafin gaba ɗaya.

"Direba, tsaya."

"Ke!" in ji Gwaggo. "Kin haukace?"

"Ka tsaya na ce!"

Na tsallake ƙafafun gwaggon ango na buɗe ƙofa na sauka a tsakiyar hanya, da shaddata da lallena, gari duka na kallo. Zuciyata na cewa ruga, ruga. Ba ni da damar gudu. Ba ni da damar kuka. Na taka a hankali kamar mai ɗauke da tulu cike, huɗu, shida, huɗu, shida, ina danna lambar Abdul Razak da babban yatsa, har na iso gabanta.

Inna ta dube ni. Na ga faɗan a idonta, na san abin da za ta ce: koma, kar ki ba ni kunya. Ta buɗe baki.

Maganar ba ta fito ba.